Mai Bincike a Bakin Kogin Haɗejiya

A 1938 wani saurayi Ba'amurke mai shekara 23, Joseph Greenberg, ya iso ƙasar Kano ya nemi a kai shi wurin Maguzawa. Ba wa'azi ya kawo shi ba, ba kuma haraji ba. So yake ya san wa mutanen nan suke yi wa yanka, a gindin wace bishiya, da wace irin dabba, kuma me mai gida yake faɗa kafin ya ɗora wuƙa. Ya zauna cikinsu har 1939, ya gyara Hausarsa a bakinsu, a 1946 kuma ya fitar da ɗan madaidaicin littafi kan tasirin Musulunci a addininsu. Har gobe duk ɗalibin da zai yi rubutu kan Maguzawa sai ya bi ta kansa.

Sana'ar da ya zo da ita kuwa ba a Afirka aka wasa ta ba. Yana ɗalibi a Jami'ar Columbia ya zauna ajin Franz Boas, inda ake karantar da harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka, mutanen da fina-finan kaboyi suka koya mana kiran su Indiyawan daji. Malamin da ya duba aikinsa na digirin digirgir, Melville Herskovits, shi ma ɗalibin Boas ne. Shi kuma Boas tun 1886 yake kai da komo wurin Kwakiutl, masuntan gaɓar teku a yammacin Kanada, yana nazarin bukukuwansu da ibadunsu. Kayan aikin da aka gwada a kan waɗancan masunta su aka ɗauko aka kawo ƙauyukan Kano. Kuma za su yi aiki a kan namu masuntan na Miga, in an sami mai haƙurin riƙe su.

Miga hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, cikin masarautar Dutse, a kwarin kogin Haɗejiya, maƙwabciyar Jahun da Kafin Hausa da Auyo. Ƙasa ce ta shinkafa da kifi da noman fadama, ƙasar Musulmi, mai masallatai da tsangayu. Wani zai ce to wane addinin gargajiya ya rage da za a bincika a nan? Ai gaiwa ma da rani ba a ganin ta. Tana can ƙarƙashin busasshen taɓo ta naɗe jikinta, baƙo ya taka ya wuce bai ga komai ba sai tsagaggiyar ƙasa, ɗan masunta kuwa ya hangi 'yar ƙofar da take numfashi ya ce a kawo fartanya. Abin da ya saura na tsohon imani a irin wannan gari haka yake kwance: cikin ranar da ba a shiga wani tafki, cikin tsamiyar da ba a sara, cikin abin da Sarkin Ruwa yake yi kafin a buɗe su, cikin maganar da tsohuwa ke yi wa jinjiri in ya cika kukan dare.

Musulmi ya sa kansa a wannan aiki? Na san tambayar za ta zo, kuma amsarta tana cikin littattafanmu. Ibnul Kalbi, wanda ya rasu wajen shekara ta 204 bayan Hijira, ya rubuta Kitabul Asnam, ya jera gumakan Larabawan jahiliyya da wuraren da aka kafa su da ƙabilun da ke bauta musu. Albiruni ya koyi harshen Sanskirit don ya ji addinin Hindu daga littattafan masu shi, ya kammala littafinsa kan Indiya wajen 1030. A nan gida, ba don marubucin Tarihin Kano ba, wa zai san Barbushe da Tsumburbura da abin da ake yi a gindin Dala? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, da zai yi gyara, sai da ya bayyana yanka ga itatuwa da duwatsu da ya ga ana yi. Ba wanda imaninsa ya ragu don ya san abin da kakanninsa suka baro. Abin da ke raguwa in ba a rubuta ba shi ne tarihi.

Aikin yana farawa tun ba a ɗaura jaka ba. Mai bincike na ƙwarai zai yi watanni yana karatu: Tarihin Kano, ƙamus ɗin Bargery na 1934 wanda ya adana kalmomin da yanzu ba a ji, littafin Tremearne na 1914 kan borin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus, na Greenberg, na Fremont Besmer na 1983, da kundayen digiri da ke jibge a sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Yana karantawa yana fitar da sunayen iskoki a takarda: Kure, Inna, Gajimare, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Kuturu. Wannan takarda ba don ya je ya karanta wa mutane ba ce. Duk sunan da ka sa wa tsoho a baki, shi zai dawo maka da shi don ya sallame ka. Takardar ta kunnensa ce, domin ranar da sunan ya faɗo da kansa cikin hira ya gane shi, ya kuma lura in an faɗe shi da wata siffa da littafi bai sani ba.

Sai zaɓen lokaci. A kwarin Haɗejiya ruwa ke tsara shekara. Da damina mutane na gona, hanyoyi na yankewa, wani ƙauyen sai da kwalekwale. Da kaka ruwa na ja da baya ana girbin shinkafa. Da rani tafkuna na tsukewa, lokacin su ke nan. Kowane lokaci da abin da ake yi a cikinsa, don haka wanda ya zo sati biyu a hutun makaranta ya ga kashi ɗaya ne ya ɗauka ya ga duka. Masu wannan sana'a sun daɗe da yarda cewa mafi ƙaranci shi ne shekara ta zagayo kana wurin.

Shiga gari ta ƙofa ake yi. Hakimi, dagaci, mai unguwa, sannan liman, sannan Sarkin Ruwa, kowa da gaisuwarsa da ɗan goronsa. A gaban kowannensu magana ɗaya ake faɗa, kuma gaskiya: ni ɗalibi ne, ina rubuta yadda masunta suke aiki da yadda iyayensu suka yi, ga inda rubutun zai je. Wanda ya ɓoye nufinsa zai sami labari na sati ɗaya, ranar da aka gano shi kuwa ya rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa.

Daga nan sai abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar duka: makonnin farko ba ya tambayar komai game da iskoki. Ko kalmar ba ya furtawa. Yana zuwa inda ake gyaran koma da taru ya zauna, ya riƙe wa mai ɗinki bakin zare. Yana koyon bambancin homa da mali, yadda ake kwanciya a kan gora a ratsa ruwa, yadda ake jera ƙugiyoyi. Yana koyon kifaye da idonsa, tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa da minjirya mai girgiza hannu, har ya daina ba yara dariya. Sannan ya ɗauko farar takarda ya roƙi masunta su zana masa ruwansu: ina kogi ya rabu, ina mashigi, wane tafki na wa ne, mene ne sunan kowane lungu. Wannan taswira ita ce mabuɗi. In an gama zanawa zai ga akwai wurin da yatsa ke kewayewa, wurin da aka ce ba a jefa koma, ko ba a zuwa da tsakar rana, ko sai wane ya yi gaba. Ba ya cewa don me. Alama yake sawa da jan biro ya bar ta har wata guda.

Ga yadda rago yake tambaya, da takardarsa mai akwatunan eh da a'a, injin babur ɗinsa ko hucewa bai yi ba:

"Baba, kun yarda da iskokin ruwa?"

"A'uzubillahi! Mu Musulmi ne, yaro."

Tsohon bai yi ƙarya ba. An tambaye shi imaninsa ya faɗa. Rago ya sa alama a a'a, ya cika takarda hamsin kafin la'asar, ya koma ya rubuta cewa al'adar ta mutu. Gwani kuwa ba ya tambayar abin da ke zuciya, abin da hannu ya yi yake tambaya, kuma ya jingina shi da zamanin da ya wuce don kada kowa ya ji ana tuhumar sa:

"Baba, zamanin kuna yara, ranar da za a buɗe su a tafkin nan, wa ke fara sa ƙafa a ruwa?"

"Sarkin Ruwa mana. Wa ya isa ya riga shi?"

"Allah ya ja kwana, da safe yake shiga ko tun da dare?"

In tsoho ya yi shiru a nan, gwani ma shiru yake yi. Ba ya cike gurbin da wata tambaya, ba ya duba waya. Shirun na iya kai minti biyu, kuma sau da yawa abin da ke fitowa bayansa ya fi duk abin da aka faɗa tun safe. In kuma aka ce, "Kai dai bari, ɗana," sai ya bari, ya koma zancen tsadar zaren koma. Ya dai rubuta cewa a nan aka tsaya.

Littafin rubutunsa ma da tsarinsa. A saman kowane shafi akwai rana da wuri da sunan mai magana, da kuma waɗanda ke zaune a wurin, domin abin da dattijo zai faɗa gaban liman dabam, abin da zai faɗa gaban abokin wasansa dabam. Shafin dama na maganar mutum ne kamar yadda ta fito daga bakinsa. Shafin hagu na mai bincike ne: ya nuna gabas da haɓa, ya rage murya, matarsa ta yi gyaran murya daga cikin gida. Abu uku ba a yarda su cakuɗe: abin da na gani da idona, abin da aka faɗa mini, da abin da nake zato. Wasu biro uku suke riƙewa masu launi dabam-dabam saboda wannan kawai. Bayan shekara biyar, lokacin da ƙwaƙwalwa ta narkar da komai wuri guda, launin biro ne zai hana zato ya rikiɗe ya zama shaida.

Rakoda, ko wayar hannu a yau, ba a kunna ta sai da izini, kuma a ajiye ta a fili inda kowa ke gani. Wahalarta da dare take. Hirar awa ɗaya tana iya cinye yini guda wajen kwafewa, ana tsayarwa ana mayarwa baya, kuma ƙa'ida ita ce kada a gyara wa mutum harshe. In da karin Haɗejiya ya yi magana, da shi za a rubuta, ba a mayar da shi Kananci. In kalma ta fito a cikin wata tsohuwar addu'ar shiga ruwa wadda shi mai faɗar bai san ma'anarta ba, ita ce za a fi lallaɓawa, a rubuta ta da karin sautinta, a sa shi ya maimaita. Wannan yanki mahaɗar harsuna ne, ga Fulatanci, ga Barbarcin Mangawa, ga Badanci a gabas. A nan kusa kuma harsuna biyu suka mutu, na Auyokawa a Auyo da na Teshenawa a ƙasar Kafin Hausa, ba su bar abin kirki a rubuce ba. Irin waɗannan kalmomi da ake haddacewa ba a fassarawa su ne wurin da ragowar mataccen harshe kan maƙale.

Wannan naci kan kalmar mai magana daga Boas aka gaje shi, amma hannun da ya yi aikin ba nasa ba ne shi kaɗai. George Hunt, wanda ya tashi cikin Kwakiutl a Fort Rupert, shi ya yi shekaru kusan arba'in yana zama da tsofaffi yana rubuta dubban shafuka cikin harshensu yana aika wa Boas, ana bugawa da fassara. Ella Deloria, 'yar ƙabilar Dakota, ta yi irin wannan da labaran mutanenta ta buga a 1932. Francis La Flesche, ɗan sarkin Omaha, shi da Alice Fletcher suka fitar da babban littafi kan ƙabilarsa a 1911, daga baya ya naɗi dogayen ibadun ƙabilar Osage. Mu ma haka aka yi mana. Littattafan Tatsuniyoyi uku na Frank Edgar, na 1911 zuwa 1913, malamai ne suka rubuta su da ajami, kuma Malam Shaihu ne ya rubuta abin da Rattray ya buga a 1913. Saboda haka ɗan Miga da ya shiga wannan aiki ya fara da rabin kaya a hannu: harshe nasa, dangi nasa. Matsalarsa ɗaya ce, sabo. Abin da ya tashi yana gani kullum ba ya jin ya kai a rubuta, alhali shi ne abin da baƙo zai yi tafiyar wata don ya gani.

Bakin mutum ɗaya ba ya zama hujja, kuma wanda ya fi kowa nuna yadda ake tankaɗe labari wani limamin Kirista ne Basifaniye, Bernardino de Sahagún, a Meksiko. Wajen 1558 ya tara dattawan garin Tepepulco yana yi musu tambayoyi kan allolin Aztek da kalandarsu da bukukuwansu. Su kan amsa da zane irin na rubutunsu na da, ɗalibansa 'yan ƙasa kuma suna rubuta bayanin da harshen Nahuwatal. Bai tsaya nan ba. Ya kwashi takardun ya kai Tlatelolco, ya tara wasu dattawan dabam suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, sannan ya sake bitar su a birnin Meksiko. Wajen 1577 aikin ya kammala, littafi 12, shafi rabe biyu, harshen mutanen a gefe, Sifaniyanci a gefe. Nufinsa ya san addinin ne don ya tumɓuke shi, bai ɓoye ba. Amma saboda bai yi ha'inci a aikin ba, yau jikokin mutanen suna karanta maganar kakanninsu a ciki. A 1562 kuwa wani ɗan'uwansa a aikin coci, Diego de Landa, ya tara littattafan mutanen Maya a garin Maní ya cinna musu wuta. Ƙonawa yini guda ta ɗauka.

A Miga tankaɗen haka yake: a ji daga gidan Sarkin Ruwa, a ji daga masuncin da ba ya ga maciji da gidan, a ji daga wata tsohuwa da aka auro daga wani ƙauye, a ji daga liman. In sun saɓa, ba a zaɓar wanda ya fi daɗi a jefar da saura. Duka ake ajiyewa, domin saɓanin kansa yana faɗin wani abu game da wanda ke da iko da ruwa. Shekaru kuwa ba a tambayar su da lamba. Da aukuwa ake aunawa: kafin farin 1973 ko bayansa, kafin madatsar Tiga ko bayanta, muna Jihar Kano ko an ba mu Jigawa a 1991.

Akwai wani kuskure da masu wayo suka fi faɗawa ciki, wato yanke wa mutum rabin rayuwarsa don labari ya yi armashi. A 1931 wani marubuci, John Neihardt, ya zauna da Black Elk, dattijon Lakota mai wahayi da magani. Ɗan dattijon yana fassara, 'yar marubucin tana rubutawa. Littafin ya fito a 1932 ya zagaya duniya. Abin da bai faɗa ba shi ne tun 1904 dattijon ya shiga Katolika, har ya yi shekaru yana karantar da addinin. Sai a 1984, da Raymond DeMallie ya buga ainihin takardun hirar, aka ga abin da tsohon ya faɗa da abin da marubuci ya ƙara. Nan ne nake ganin girman Greenberg. Bai je neman Bamaguje wanda Musulunci bai taɓa ba, ya rubuta wanda ya tarar: mutumin da ya yarda Allah ne sama da komai amma iskoki yake yi wa yanka, wanda ya ɗauki iska da aljan abu guda, wanda cikin iskokin da ya sani har akwai malami. Ya kuma nuna cewa tasirin ta hannun malaman Hausa da littattafansu ya shigo, ba ta cuɗanya da Larabawa kai tsaye ba. Masuncin Miga da zai yi bisimilla, ya shafa layar da ke damtsensa, sannan ya motsa baki da abin da kakansa ya koya masa, abu uku ya yi, kuma ukun za a rubuta, a jeren da ya yi su.

In bincike ya kai ga bori, wanda yanzu ya ja baya daga fili sai an bi sawu, aikin ya koma na ido da agogo. Mai bincike zai nemi gefe ya zauna inda ba ya tare wa kowa hanya, ya fara zana filin: ga masu garaya, ga masu buta, wato goran da ake kaɗawa yana caccaka, ga inda mata suke. Kowace iska da kiɗanta da kirarinta, don haka duk sanda kiɗa ya juya sai ya rubuta minti. Namijin da iska ke hawa doki ake ce masa, mace goɗiya, kuma ba a zama haka sai an yi girka, wato jinyar da ke sasanta mutum da iskar da ta kama shi. Yana duban jiki: wanda ya dunƙule yatsu yana jan jiki Kuturu ne ya hau, wanda ya duƙa yana tari yana jan carbi Malam Alhaji ne, mai babbar riga yana rabon kuɗi Ɗan Galadima ne. Yana rubuta wanda ya yi jifa, wato ya yi tsalle ya faɗo zaune daɓas, da wanda ya matso neman magani da abin da aka ce ya kawo. Atishawa ita ce alamar sauka, ita ma da mintinta. Washegari sai ya koma wurin makaɗi da rakoda, ya kunna masa kiɗansa, ya tsayar a minti na goma sha biyu ya ce, "Wannan na wa ne?" Da irin wannan bi-ta-ƙulli Besmer ya iya shimfiɗa birnin Jangare a takarda da gidajensa 12, wa ya haifi wa, wa ke auren wa, wa ke bin wa in an zo kira.

Rabin wannan ilimi kuma yana bayan zaure, inda namiji baƙo ba ya shiga. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, tana rubuta maganarta da Hausa, littafin ya fito a 1954, kuma abin da tsohuwar ta faɗa kan bori a gidajen aure ba namijin da zai samo shi. Aikin Miga ba zai cika ba sai da mace mai bincike da za ta zauna a tsakar gida tana taya gyaran kifi, tana cewa, "Iya, da can in mace ta yi ta wabi, me ake yi mata?"

Saura amana, kuma a nan tarihin Amurka gargaɗi ne. A 1883 gwamnatin Amurka ta kafa dokokin da suka haramta wa 'yan asalin ƙasar raye-rayen ibadarsu da aikin masu maganinsu. Kanada ta haramta babban bikin kyauta na su Kwakiutl daga 1885 har 1951. A daidai wannan zamani masu bincike ke kwasar kayan ibada suna cika gidajen tarihi, Boas kansa ya tona kaburbura ya ɗebi ƙasusuwa, kuma wannan tabo ne da iliminsa bai wanke ba. Wani ɗan mishan, H. R. Voth, ya riƙa kutsawa ɗakunan ibadar ƙabilar Hopi na ƙarƙashin ƙasa yana ɗaukar hoto yana bugawa. Yau ƙauyukan Hopi sun hana baƙo ɗaukar hoto. Sai a 1978 Amurka ta yi dokar 'yancin addinin 'yan asalin ƙasar, a 1990 kuma dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi mayar da ƙasusuwa da kayan ibada. A wurinmu haɗarin ya fi kusa. Dattijon da ya amince ya faɗa maka abin da ubansa yake yi a bakin tafki, in ka sa muryarsa a Facebook, kafin Juma'a an kira shi mushiriki, jikarsa ta rasa manemi. Don haka ana sauya suna, wani lokaci har da na ƙauye. In aka ce wannan na gida ne, kamar haɗin maganin ƙayar kifi da ta maƙale a wuya, sai a rufe littafi a kashe rakoda a gaban mai magana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar kogin ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma tafkin da ya daina cika ba a yi masa buɗin su, abin da ake yi ranar kuwa sai ya rasa ranar yin sa. A Argungu aikin Sarkin Ruwa a Matan Fada ya sami masu rubuta shi, har UNESCO ta sa bikin kamun kifin garin cikin jerinta a 2016. Nan kuwa waɗanda suka riƙe gora kafin Tiga duk sun doshi saba'in ko sun haura.

Aikin ƙarshe shi ne komawa. Mai bincike zai ɗauki abin da ya kwafe ya je ya karanta wa mai maganar, a hankali, layi-layi. A nan ake jin, "A'a, malam, ba haka na ce ba, farin zakara ne, kuma kafin asuba ne." Sai a gyara, a rubuta ranar gyaran, a kuma tambaye shi wane sashe ya yarda a buga, wanne a ajiye sai bayan ransa. Muryoyin Omaha da La Flesche da Fletcher suka naɗa a kan gwangwanin kakin zuma tun kafin 1900 sun yi shekaru a ajiye, har aka mayar wa ƙabilar da su a shekarun 1980, kuma bayanan da aka rubuta tare da su ne suka sa aka san ko muryar wa ce. Saboda haka kowane fayil sai an sa masa rana da wuri da lambar mai magana da sharaɗin da ya gindaya. Sannan a yi kwafi uku: ɗaya ga iyalin dattijon, ɗaya ga ɗakin karatu na jami'a, ko ta Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa ko ta Tarayya da ke Dutse, ɗaya kuma a hannun mai binciken, a wani gari da ke kan tudu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a kwarin nan ba zai bar littafi ɗaya tilo a akwatin ƙarƙashin gado cikin ɗakin ƙasa ba.